Mushuwar Jibo a walimar Tibiri

Jibo ba ya yin takarda, yanka ta yake yi, ko da yake a unguwar Zariya ya fi son a ce masa mai kamfani. Manyan naɗi ake kawo masa daga Najeriya, kowanne ya kai ganga. Ya ɗora a mashin, ya yanka, ya ninke, mushuwar, wato takardar goge fuska, ta fito a leda da sunansa a jiki.

Sana'ar kam ya san ta. Yakan ce takarda ƙullun itace ce da aka shanya, dogayen zaruruwa ke riƙe juna kamar saƙar tabarma, gajeru ke kawo taushi. Ta goge fuska ana sa mata magani don ta jure jiƙa. Ta ban-ɗaki kuwa da gangan ake barin ta haka, ruwa na taɓa ta zaren ya saki. Shi ya sa ba ya karɓar naɗi sai ya tsaga, ya lasa, ya ja.

Abin da ya rasa shi ne yabon wansa, Alhaji Maliki, wanda ya rene shi. Da Alhaji zai yi walimar sabon gida a Tibiri, ya ce Jibo ya kawo mushuwar, in manyan 'yan kasuwar da za su zo suka yaba, shi da kansa zai haɗa su. Sai ga kayan Jibo sun maƙale a iyaka. Naɗin ban-ɗaki kaɗai ya rage a ɗakin ajiya.

Matarsa Tsahara ta ce ya gaya wa Alhaji gaskiya, ko ya sayo na kasuwa. Ya ce mata lokaci ya ƙure. Ba lokaci ba ne. Na kasuwa sunan wani ke jiki, shi kuwa so yake Alhaji ya ga sunan Jibo a hannun manya. Sai ya yanka naɗin ban-ɗakin, ya zuba a ledarsa, ya kai.

Ranar an yi zafi, naman ya ji yaji. Aka ci, aka fara goge gumi. Jibo na tsaye gefen rumfa yana kallon farin ɓurɓushi na manne wa mutane a goshi, a gemu, a gashin ido. Kowa na ganin na ɗan'uwansa, ba mai magana, har Gado manomin Jiratawa, taubashin Alhaji, ya kasa haƙuri.

"Alhaji, hurhura ba ta bar maka ko hanci ba?"

Aka yi dariya. Alhaji ya sake gogewa, abin ya ƙaru. Wani baƙo mai shago ya murza takardar a yatsa, ya sunkuya ya raɗa masa ko wace iri ce. Alhaji ya yafito ƙanensa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka san ko ta mi ce kahin ka yanka?"

Jibo na iya cewa masu kaya ne suka cuce shi, kuma da an yarda. Ya buɗe baki, ya dubi ɓurɓushin da ke gemun wansa, ya kasa.

"Na sani, Yaya."

Buta kawai Alhaji ya miƙa masa. Jibo ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya, durƙushe, yana zuba musu ruwa suna wanke fuska. Wasu har godiya suka yi masa, wannan ta fi komai ciwo.

Maganar haɗa shi da manya ba ta sake tashi ba. Yana nan yana yankan takarda, amma Tibiri sai gaisuwar rasuwa ke kai shi, kuma bakin tabarma yake zama.