Madarar da na kai Dapaong

A gidanmu ba a yaye yaro a gaban uwarsa. Wurin kaka ake kai shi, ya yi kukansa a can, bayan wata guda a je a ɗauko. Haka na ɗauki ɗana daga unguwar Didaouré a Sokodé na kai wa mahaifiyata a Dapaong, na dawo da ƙirji a kumbure kamar an cusa mini duwatsu.

Ban kai ga komawa ba aka shiga yajin aikin nan na ƙasa baki ɗaya. Mota ta yi wuya, ga sojoji a hanya, maigidana ya ce babu inda za ni. Wata guda ya zama watanni. Kullum ina zaune gaban atamfofina babu mai saye, rediyo na ta surutun 'yan siyasa, ni kuwa duk sun ishe ni. Tsorona ɗaya ne, kada yaron ya manta da ni.

Da hanya ta buɗe, na sayi madarar gari babban gwangwani, wai in mayar masa da abin da na hana shi. Na iske shi ya yi ɓul-ɓul da tuwon dawa da miyar kuka, yana leƙena daga bayan zanen kakarsa. Inna ta ce in bi a hankali. Na ce a raina ai ni na haife shi. Na dama mai kauri cike da kofi, na lallashe shi ya shanye, da azahar na ƙara.

Kafin la'asar cikinsa ya kumbura, sai ƙugi, sai zawo. A ƙaramin asibitin unguwar, wata nas 'yar ƙabilar Moba ta danna cikin, ta ce hanji yana koyon abin da ake ba shi ne. In an yaye yaro, abin da ke narkar da nono a cikinsa yakan ragu, na hatsi ya ƙaru. Ko ɗan akuya haka yake.

"Madam, ba guba ka ba shi ba," in ji ta da Hausar kasuwa. "Ciki nashi ya wuce wurin nan."

Da muka koma gida na miƙa hannu in ɗauke shi, ya juya baya. Ni kuwa ko ƙarfin kuka ba ni da shi. Inna ta dama kunun gero, ta zaunar da shi a cinyarta, sannan ta miƙo mini ludayin ta bayan kansa. Ya shanye tas daga hannuna, don bai ɗago ya ga hannun waye ba.