Enos Glick, Baƙon da Ba a Yi wa Maraba

Kafin raɓa ta bushe, Enos Glick ya gama tatsar shanunsa, ya ɗaura wa dokinsa keke. In hular kaba ya sa, gona za shi. In kuwa baƙar hula ce, to wani ya riga mu gidan gaskiya, kuma Enos ne zai bi gida-gida ya faɗa, tunda mu Amish, Kiristoci manoma na ƙasar Amurka, ba ma ajiye waya a ɗaki. Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Mata na hango hular daga wurin shanya sai su saki wanki. Ko gaisuwa ce ta kai shi gidan mutum, da "Wa ya rasu?" ake tarbarsa.

Shekarar da muka yi yawa a shiyyarmu ta Lancaster, har gida ɗaya ya daina ɗaukarmu sujada, da yake a gidajen juna muke yin ta, dattawa suka raba ikilisiya biyu, rafi ya zama iyaka, kowane tsallake da bishop ɗinsa. Gidan tsohuwa Fronika, wadda mijinta ya rasu ba ɗa ba jika, yana daidai inda rafin ya yi gwiwa. Mu muka ɗauka ta can ce, su suka ɗauka tamu ce. Har sanyi ya shigo ba wanda ya leƙa ta.

Wata safiya Enos zai wuce, dokinsa ya turje a ƙofarta, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ba hayaƙi a saman gidan, ba sawun kowa a kan ƙanƙara. Ya tura ƙofa. Agogon bango a tsaye yake. Fronika na zaune kan kujera ta fuskanci ƙofa, sanye da fararen kayan aurenta, waɗanda matanmu ba sa sake sawa sai ranar binnewa. Ya cire hula. Sai idanunta suka motsa.

"Ka yi latti, Enos," ta ce. "Sanarwar tawa ka kawo?"

"Haba Inna, ina aka taɓa kai wa mutum tasa?"

"To, na ga ba mai zuwa, na ce ko na mutu ne ba a gaya mini ba."

Ya hura wuta, ya ɗumama mata madara, ya kai ta wurin matarsa. Daga nan ya bi tsallaken biyu gida-gida da baƙar hularsa. Duk wanda ya ce "Wa ya rasu?" sai ya amsa, "Ba kowa. Fronika ce muka binne da ranta." Kunyar da muka ji ran nan ba ta faɗuwa.

Yanzu ciwon gwiwa ya hana shi yawon gida-gida, ya miƙa wa wani aikin. Enos, kai ne ka ɗauki maganar da ta fi ƙarfin bakinmu, ka yarda a riƙa ganinka gaba na faɗuwa. Na kowa, wanda ba a murnar gani! Mun gode, Allah ya saka maka.

Ku kuma, zumunci a ƙafa yake. Ku leƙa maƙwabci ko rafi ya raba ku. In kun ga Enos a ƙofarku, ku ba shi kujera kafin tambaya. Har yau gida ɗaya ne ke yi masa haka. Fronika na jin takun doki take miƙewa, tana cewa, "Maraba! Ga mai zuwa duba masu rai."