Gwangwanin Madam Roseline

Afiniki matar Kumai dafaffiyar gyaɗa take sayarwa a tashar jirgin Kafanchan, ni kuma kunu. Teburinta na jikin nawa shekara tara, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Gajeriya ce, 'yar ƙauyen Madakiya, ba ta da surutu, sai taurin kai kamar akuya ta hango rogo.

Kafin yaƙin basasa aikin gida take yi a kwatas ɗin ma'aikatan jirgi, wurin Madam Roseline, matar wani direban jirgi, mutanen Inugu. Ranar da suka gudu a 1966, Madam ta miƙa mata wani gwangwanin biskit, ta ce ta ajiye mata har ta dawo. Kayan adon Kirsimeti ne a ciki, ƙwallayen gilashi masu ƙyalli da ƙananan ƙararrawa, irin waɗanda ake ratayawa a reshen itace a falo. Afiniki ta tura shi ƙarƙashin gadonta a ɗakin bayan gida, ta tafi ƙauye. Da ta dawo bayan sati biyu, babu ƙofa, babu gado, balle gwangwani.

Kowa ya ce mata ta manta, mutane sun rasa abin da ya fi wannan. Ta ce ita aka ba ajiya, ita za a tambaya.

Wata ranar kasuwa a 1971 ta hango jan ƙwallo a tabarmar wani mai tsofaffin kaya, tsakanin kwaɗo marar makulli da cokula. Shi kansa mai kayan bai san na mene ne ba, ya ce wataƙila abin wasan yara ne. Ta saya, ta ɗaure a bakin zani, ta zo ta nuna mini. Daga ranar ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba.

Duk inda aka baza gwanjo tana nan. Ta je Kwoi, ta je Zonkwa, ta je Kagoro, ta bar mini teburinta ina fama da masu gyaɗa da masu kunu lokaci ɗaya, wallahi har faɗa mun yi a kan haka. Ba riga take dubawa ba, ba takalmi ba. Sai ta tsuguna gaban tarkacen da kowa ke tsallakewa, ta sa hannu tana tonowa. Ta ciro ƙararrawa biyu daga madubin wani wanzami. Ta bi wata mota har gareji saboda koren ƙwallon da direba ya rataye a gaban gilashi. Wata mata a Kwoi ta jera uku a kabad tare da faranti, Afiniki ta yi mata zarya sau huɗu kafin ta sallama. Ba ta taɓa tambayar kowa inda ya samo ba. Ta ce in ta tambaya, ba za a sake fito mata da komai ba.

'Yan gwanjo suka gane ta, suna hango ta sai su ce, "Ga Mama Kirsimeti nan!" Matan zumunta suka roƙa ta ba da aron kayan a ƙawata majami'a, ta hana. Kumai ya yi magana har ya gaji. Ni ma na ce mata, "Ke Afiniki, wai nawa ne ma a gwangwanin nan?" Ta ce ba ta taɓa ƙirgawa ba, sau ɗaya a shekara take ganin su a jikin reshe, amma idonta ya san su.

A Disambar 1976 wani ɗan tireda da ya dawo daga gabas ya ba ta kwatancen gidan Madam. Ta nemo gwangwanin biskit irin na da, ta naɗe kowane ƙwallo da auduga, guda ashirin da bakwai, ta hau jirgi. Abin da ya faru can, ita ta faɗa mini da ta dawo.

Ta sami Madam ta rame, mijin ya rasu, tana sayar da gishiri a ƙofar gida. Suka rungume juna. Afiniki ta durƙusa ta buɗe gwangwanin a kan tabarma, ta ce, "Madam, ga kayanki. Ki yi haƙuri, ya daɗe."

Madam ta yi ta kallo. Can ta ce da Hausarta ta Kafanchan, "Afiniki, nawa shida ne kawai."

Ashe duk matan kwatas a kanti ɗaya suka saya, iri ɗaya. Madam ta ɗauki koren nan na direban mota, ta ce na Emilia ne, gida na uku. Ta ɗauki wani mai tsaga a gefe, ta ce na Selina ne, a gabanta ya faɗi ya tsage. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunaye. Nata guda biyu ta samu a ciki.

Afiniki ta ce, "To suna ina, in kai musu?"

Madam ta ce, "Ban sani ba. Jirgi ɗaya muka shiga, ba tare muka sauka ba."

Ta riƙe biyunta, ta rufe gwangwanin, ta ce a mayar da sauran Kafanchan, can masu su za su nema in suna da rai. Tun da nake da Afiniki ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar da take ba ni labarin nan, kuma ni ma na yi.

Ba ta ƙara zuwa gwanjo ba. Duk Disamba sai ta saro reshe, ta ɗaure a ƙafar teburinta, ta rataye ashirin da biyar ɗin nan ta fuskar da jirgin gabas ke tsayawa. Fasinjoji kan tsaya su taya, ta ce ba na sayarwa ba ne, ajiya ce. Kirsimeti uku ina zaune kusa da ita, tana duban fuskar duk macen da ta sauko. Ba wadda ta ce nata ne.