Mutumin da ke gefen hagu na hoton

A ɗakin mahaifina a unguwar Mahjar ta Jidda akwai wani hoto da ya girme ni. Shafin kalanda ne, wani Bature ma'aikacin jirgi ya ba shi lokacin yana dako a tashar jiragen ruwa. Jirage ne irin na da, masu tafiya da iska, sun cakuɗe, ɗaya na ci da wuta, ga kawunan mutane birjik a ruwa.

Baba bai yi boko ba, shi dai ya yanke cewa jiragen alhazai ne. Ƙanensa ya nutse a teku kan hanyar hajji tsakanin Sawakin da Jidda suna samari, ba gawa, ba kabari. To akwai wani ɗan kai a gefen hagu, hannu ɗaya a sama, Baba ya ce shi ne. Kullum bayan la'asar sai ya tsaya gabansa ya yi masa addu'a. Mun tashi muna ce wa wannan ɗigon Baffa.

Ni kuwa Allah ya zuba mini son a ce na sani. Wata Juma'a bayan abinci na haska hoton da waya, ta kuwa kawo bayani. Wai yaƙi ne a tekun Turai shekaru ɗaruruwa da suka wuce, tsakanin 'yan tawayen Holan da sojojin Sifen. Na karanta da ƙarfi, har da dariyata.

"Baba, wallahi duk Nasara ne. Harb ne, yaƙi, ba hajji ba. Shuf, duba, ga igwa nan."

Ya matso ya daɗe yana duba.

"Na ɗauka katakon jirgi ne," in ji shi. Ya ɗora yatsa a kan Baffa. "Shi wannan, an tsamo shi?"

"Ba su rubuta ba, Baba."

"Halas."

Washegari ya cire hoton ya naɗe, ya tura ƙarƙashin katifa. Na bi shi ina cewa waya ma tana kuskure, ya ce wannan karon ba ta yi ba. Na ji kunya.

Shekara biyu ya ƙara a duniya. In ya sallame la'asar sai ya miƙe yadda ya saba, ya tsaya tsakiyar ɗaki ya rasa inda zai duba, ya koma ya zauna.