Ranar da A-kori-kurata Ta Mutu a Kan Layin Dogo

A shekarun dubu biyu da 'yan kai, ni direban a-kori-kura ne mai shan gas, ina jigilar masara daga Bomo zuwa Sabon Gari. Surutu kuwa, ko dutse na ɗauka sai ya sauka da ciwon kunne. Nakan ce motata da ƙanshin mai kaɗai za ta je Legas ta dawo.

Wani tsohon bakanike a Chikaji ya sa mini agogon da ke nuna ƙarfin turin mai. Ya ce in allurar ta fara kwanciya, to ƙaramin famfon da ke jawo gas daga tanki ne ya gaji, in kawo a canza. Da ta fara kwanciya, motar tana sheƙa a hawa, sai na ce masa ai allura ma tana da haƙƙin hutu. Ya ce Allah ya shirye ni. Kullum da safe sai in buɗe bonet in yi ta danna famfon hannu har ta tashi, in kama hanya.

Wata Asabar da hantsi na ɗauko matan coci daga Samaru za su biki, suna ta waƙa a baya. Muna hawa layin dogo kusa da PZ, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Jirgin ƙasan nan da kan yi wata bai wuce ba, ranar ya ga damar zuwa. Na ji kukansa. Na murɗa makulli, injin ya juya bai kama ba, allura ta kwanta kamar gawa. Waƙa ta koma salati da kiran Yesu. Matan suka rinƙa dirowa ta gefe, sai wata tsohuwa da ƙafa ta hana ta tsalle, ta riƙe ƙarfe tana roƙona, wai ɗanta kada in bar ta. Na diro ina ihun a taimaka. 'Yan acaɓa da masu baro ne suka taru muka tura, ƙarfen layin yana rawa ƙarƙashin ƙafata. Da ƙyar tayar baya ta sauka, jirgin ya wuce.

Tsohuwar ta kama hannuna tana sa mini albarka, wai na cece ta. Ban iya gaya mata ni ne na kusa kashe ta ba, kuma har yau albarkar nan tana hana ni sukuni. 'Yan'uwana direbobi, in allurar mai ta fara sauka, ku tafi gareji ranar. Famfo ba ya zaɓen inda zai mutu.