Sabon Fenti a Motar Baba

Motar Baba ba ta taɓa yi mana amfanin komai ba. 'Yar Japan ce mai ƙofa biyu da kujeru biyu, ga dogon hanci, ga ta ƙasa-ƙasa har cikinta na gugar hanya idan an nufi Obi. Ba ta ɗaukar buhun shinkafa, ba ta kai mu biki. Wani injiniya Bature da Baba ya yi wa direba a wajen Doma ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Mama takan ce akuya ma ta fi ta, tunda akuya tana haihuwa. Baba sai ya yi dariya ya ɗauki tsummansa ya nufi rumfar da take.

Da Lafia ta zama babban birnin jiha, gari ya cika da sababbin motoci, amma duk Asabar sai Baba ya fito da tsohuwar motarsa ya zaga. Daga baya ciwon suga ya taɓa masa ido, ya daina tuƙi. Lokacin ina koyarwa a firamare, ni ke kai shi asibiti, don haka ni na fi jin damuwarsa. Tsoronsa ɗaya ne: kada ya mutu yayyena su miƙa ta ga 'yan gwangwan su yayyanka. So yake ta faɗa hannun wanda zai riƙe ta da mutunci.

Sai ga wani Alhaji daga Abuja, mai tara irin waɗannan tsofaffin motoci. Bakanike ne ya ba shi labari. Ban taɓa ganin babban mutum ya kwanta a ƙasa da farar shadda ba sai ranar. Ya leƙa ƙarƙashinta, ya shafa fentin nan ruwan goro da rana ta koɗar, ya shinshina tsagaggun kujerun, idonsa har da ƙwalla. Nan take aka yi ciniki.

"Baba, don Allah ku bar ta yadda take," in ji shi. "Zan dawo da babbar mota in ɗauka."

A gidanmu, idan baƙo ya ce kada a wahala, ranar ake yanka kaza. Baba ya ɗauka kara ce Alhaji ya yi masa. Ya ce shi ba zai fitar da ita gidan wani da tsofaffin kaya ba, ko 'ya za a kai ɗaki ai sai an gyara ta. Ya sa aka kira mai fenti na bakin kasuwa.

"Baba, ka bar mini motan nan," in ji mai fenti. "Zan sa shi ya yi shainin, kai ma ba za ka gane shi ba."

Ya kuwa cika alkawari. Ya fesa mata ja mai ƙyalli, ya ɗinke kujerun da sabuwar leda, ya sa rediyo mai fitilu. Mu duka muka yaba, har Mama.

Da Alhaji ya dawo ya gan ta, sai ya tsaya cak, fuskarsa ta canza. Ya ja ni gefe ya ce a hankali, fentin nan koɗaɗɗe da kujerun nan tsagaggu su ne motar. Masu tarawa abin da ya fito daga kamfani suke nema, wanda hannu bai taɓa ba, kuma irinta kaɗan suka rage a duniya. Na tabbata zai juya ya tafi.

Baba ba ya ganin fuskarsa. Yana tsaye da sanda yana murmushi.

"Alhaji, ta yi kyau ko?"

Mutumin ya dube ni, ya dubi tsohon.

"Ta yi kyau, Baba. Allah ya saka da alheri."

Har yau ina yi wa bawan Allahn nan addu'a, domin ya ɗauke ta bai bari Baba ya gane ba. Ana ɗaure ta a kan babbar mota, Baba ya lallaɓa ya shafa gefenta da tafin hannu.

"Kada ka bar ta a rana," ya ce. "Fentin sabo ne."

"To, Baba," in ji Alhaji.