Lita Arba'in da Saƙon Hajiya

A unguwar Setapak, ranar da aka ji ka yanki tikitin komawa gida, daga ranar jakarka ta daina zama taka. Mutumin da kuka shekara biyu kuna haɗuwa a lif bai taɓa wuce "sannu" ba, sai ka gan shi a ƙofarka da murmushi da leda a hannu. Saƙo ne, ɗan ƙaramin abu, a kai wa inna a Zariya. A shekara huɗun da na yi a Kuala Lumpur ban taɓa ganin babban saƙo ba. Duk ƙanana ne, har da na matar da ta ɗora wa wani ɗalibi tukunyar dafa shinkafa ta lantarki. Kuma ba a cewa a'a. Wanda ya kuskura ya ce a'a, labarinsa zai riga shi sauka a Kano.

Ni ba karatu ya kai ni can ba. Maigidana ne ya samu tallafin gwamnati ya je yin digiri na uku, ni kuma aka haɗa ni da yaji da kuka da daddawa aka tafi da mu. Tun shekarar farko dangi suka fara ce masa Dokta, bai ga dalilin gyara musu ba, ni ma na bi sahu. Ya fita da safe, ya dawo bayan magariba yana ƙorafin malaminsa. Ni ina hawa na goma sha huɗu, na yi shara, na yi girki, na leƙa taga na ga jirgin ƙasa ya nufi Taman Melati, na sake yin shara.

Maƙwabciyarmu ce ta fitar da ni. 'Yar ƙasar ce, malamar makaranta, ta girme ni da kusan shekara goma, ina ce mata Kak, wato yaya a bakinsu, ita kuma tana ce mini adik, wato ƙanwa. Wata rana iska ta ɗauke hijabina daga kan shanya ta maƙale shi can saman ƙarfen baranda ta cikin gini. Na tattare zani na hau na ciro abina. Da na sauko sai na tarar tana tsaye tana kallona. Ta tambaye ni inda na koyi sa ƙafa haka. Na ce mata a Dutse aka haife ni, bayan gidanmu duwatsu ne, kuma in ban da babban cikinsu babu wanda ban hau ba kafin na kai shekara goma sha biyu aka ce na girma, a daina.

Asabar ɗin da ta biyo ta kai ni wani ɗakin wasa inda aka kafa duwatsun roba a bango, mata zalla da safe. Bayan wata uku muka koma dutsen gaske a wajen unguwar Batu. Sannu a hankali na tara kayana: ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙugu, takalmi mai matse yatsu, hular kwano, ƙugiyoyin ƙarfe, sai igiya ja mai mita sittin. Dokta ya ɗauki abin a matsayin raha. Ya riƙa ce wa abokansa, "Na ɗauko mata daga Dutse, ashe ƙadangare na ɗauko." Su yi dariya, ni ma in yi, tunda shinkafar da suke ci ni na dafa.

Gaskiyar magana, ina son igiyar nan fiye da duk abin da na mallaka a ƙasar. A jikin dutse babu mai ce mini matar Dokta. Kak tana ƙasa riƙe da ɗaya bakin igiyar, ni ina sama da hijabina cikin hular kwano, ita tana yi mini tsawa, "Boleh, adik, boleh!" wato zan iya. Kuma ina iyawa. Na riga na shirya da ƙanwata ta waya cewa idan na dawo zan koya mata riƙon igiya, mu hau babban dutsen bayan gidanmu, wanda ya gagare ni ina yarinya.

Da Dokta ya zama Dokta na gaske, aka ba mu akwati huɗu a jirgi. Ɗaya da rabi littattafansa ne, ciki har da kwafi biyar na kundinsa masu baƙin bango, ko da za a yi yunwar ilimi a hanya. Ɗaya abayoyi da gyale ne da na sha yawo a kasuwar Masjid India na sayo wa danginsa da nawa. Sauran kuma saƙon jama'a da 'yan tsummokaranmu. Da na kawo maganar igiya sai ya ce, "Madam, igiya kuma? Ki duba jakar hannunki, in ta shiga, bismillah." Shi a ransa ya rufe magana ke nan.

Washegari na tafi kantin da ake sayar da kayan hawa neman jakar goyo. Mai kantin wani dattijo ne ɗan Sin, siriri, hannunsa duk jijiya. Ya tambaye ni lita nawa nake so. Ni da na san lita a wajen mai sayar da man gyaɗa, na tsaya ina kallonsa. Ya yi haƙuri da ni, ya jero jakunkuna uku a ƙasa. Mai lita talatin ta yi kyau, amma igiya na shiga ta cika, hular kwano sai dai a ka. Mai lita saba'in za ta haɗiye komai har da ni, amma ba ta shiga ma'ajin da ke saman kujera, dole ta bi akwatuna, mu kuwa akwatunanmu sun cika adadi. Ta tsakiyar, mai lita arba'in, ita ce daidai.

"Girma daban, nauyi daban," in ji shi. "Kilo bakwai suka yarda a hannu. Igiyarki kaɗai huɗu ce. Ƙarfunan ki sa su a akwati, ba za su bar ki ki shiga da su ba."

Ya ɗauko wata igiya irin tawa, muka shirya komai a ciki muka ɗora a sikeli. Shida da rabi. Na ji daɗi har raina. Ban gaya masa ba, amma ina da wani lissafin da babu shi a littafinsa: babbar jaka gayyatar saƙo ce, jakar da ta cika dam kuwa babu mai iya cusa mata ko allura. Kafin in fita ya nuna mini wata bajinta ta jakar, cewa murfinta yana ɗagawa ta ƙara tsawo, kuma akwai maɗauri a waje na rataya hula. Ya faɗa yana alfahari. Ni ma na yaba, don ban san abin da nake yabawa ba.

Ƙugiyoyin na cusa su cikin takalman Dokta a akwati. Jakar na shirya ta tsaf, na jingina ta a falo, kuma a nan na yi wautar da har yau nake jin haushinta, don ranar ce matan unguwa suka zo yi mana bankwana.

Akwai wata da duk muke ce wa Hajiya, matar wani malamin jami'a, ta fi kowa daɗewa a garin. Ita ke karɓar baƙi, ita ke raka mai haihuwa asibiti, ita ta nuna mini kantin da ake samun garin tuwo a makon da na zo. Tana da kirki, kuma ta san tana da shi. Ta ci, ta sha, ta yi mana addu'a mai tsawo, sannan idonta ya sauka kan jakar.

"'Yata, wannan ce ta hannun? Ma sha Allah. Ai ko ina da ɗan ƙaramin abu, na ƙanwata a Kano."

"Wallahi Hajiya ta cika," na ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Kawo in gani."

Ta zuge ta gaban mutane, ta zaro igiyar, ta ɗaga ta sama. "Igiyar shanya za ki kai Najeriya? Igiya ta ƙare a kasuwar Kurmi?" Falon ya ɗauki dariya. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na tuna bayanin zai fara ne da cewa ni matar aure ina rataye a jikin dutse duk Asabar, na mayar da bakina na rufe.

Ba ta hana ni igiyata ba, Allah ya saka mata. Ta mayar da ita, ta fitar da hular ta rataye a waje, ta laluba ta gano murfin nan mai ɗagawa da ko ni sai da aka nuna mini, ta tura wani ƙullin leda da aka naɗe da salatif kamar mai karaya, ta danna da gwiwa ta ja maɗauri. Minti biyu ba ta yi ba.

"Hajiya, kilo bakwai fa suka ce."

"Haba, don't worry. Ba sa auna ta hannu. Sau nawa ina tafiya? Ki goya abarki ki wuce kina murmushi."

Sauran matan suka tabbatar. Babu wadda aka taɓa auna wa, kowacce ta san wadda ta wuce da injin markaɗe. Na dubi Dokta, yana can yana amsa gaisuwa, ko a jikinsa. Na ce, "To, Hajiya."

Kak ce ta kai mu filin jirgi da hantsi. Akwatuna huɗu suka hau sikeli, kowanne a bakin iyaka, suka wuce ciki. Na goya jakata ina murmushi kamar yadda aka umarce ni. Ma'aikaciyar ta mayar mini da murmushin, mai kyau kuwa, ta nuna mini sikeli. Goma da rabi. Ta ce cikin ladabi sai an rage.

Jakar Dokta tana ɗauke da kwamfuta da takardun shaida, ba ta da wuri. Maganar biyan ƙarin kaya kuwa fuskarsa ta riga ta amsa. Na durƙusa a gefe na zazzage komai a ƙasa. Allah cikin ikonsa, saƙon Hajiya da igiyata nauyinsu ɗaya, ko wanne aka cire magana ta ƙare.

Kak ta sunkuyo ta ce, "Ba ni ledar, adik. Yau ɗin nan zan mayar mata har gida."

Dokta ya ce, "Subhanallahi. Amana ce fa. Me za a ce a Setapak? Ki bar igiyar, a sayi wata a gida."

Shi ma ya san babu inda ake sayar da irinta a gida. Kwafi biyar na kundinsa suna can sun riga sun shige, babu wanda ya tambaye su nauyinsu. Zan so in ce shi ya tilasta mini, amma ƙarya ne. Hannuna yana kan ledar. Na hango fuskar Hajiya lokacin da za a miƙa mata, na ji abin da za ta faɗa a wajen sunan da za a yi nan gaba, a garin da ba zan sake zama a cikinsa ba. Na ɗauki igiyar na miƙa wa Kak. Ta rungume ta a ƙirji, sannan ta rungume ni. Na yi kuka har bakin jirgi, Dokta yana gaya wa na kusa da mu cewa kewar ƙasar ce.

Kwana uku da saukarmu na kai saƙon da kaina. Ƙanwar Hajiya ta sa wuƙa ta farke salatif ɗin a gabana. Shayi ne mai haɗe da madara, leda-leda, da sabulun wanka.

"Wayyo Yaya, ba ta gajiya," in ji ta. "Ai irin wannan har a kantin bakin titin nan akwai shi." Ta zaro ƙulli biyu ta ba ni tukwici. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya.

Jakar tana nan, ba ta yi komai ba, mai kantin bai cuce ni ba. Da ita nake zuwa Dutse ganin gida, kuma duk zuwa sai murfin nan ya ɗaga, don a Kano ma akwai masu ɗan ƙaramin abu. Zuwan farko ƙanwata ta tare ni tun a zaure tana tambayar igiya. Na ce tana hanya. Muka zauna a tsakar gida, ta gwada hular kwanon, dutsen yana bayanmu.

Bayan shekara guda aka ce Hajiya za ta zo gida hutu. Sai na ga ai abin ya zo da sauƙi, tsarin da ya raba ni da igiyata shi zai dawo mini da ita. Na gaya wa Kak ta shirya. Na kira Hajiya, muka gaisa, na tambayi Malam da yara da jama'ar Setapak ɗaya bayan ɗaya, sannan na ce ina da ɗan ƙaramin abu, igiyata da ke wajen Kak.

"Wace igiya? Au, waccan! Kilo nawa ce ma?"

"Huɗu, Hajiya."

"Huɗu! Haba 'yata. Ai kin san suna auna ta hannu."

Na jira in ji ko za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Na ce to. Har na yi mata Allah ya kiyaye hanya.